Ƙaramin Injin da Muka Kai Kwara

Takardar ta iso gidanmu a Zakka bayan an gama ɗaurin gero. A aljihun maigidana ta zo, ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Daga kantin Turawa na Kano ya karɓo ta. Hoton injin jirgin ruwa ne a jikinta iri uku, ƙarami da matsakaici da babba, ƙarƙashin kowane an yi bayani da Turanci, da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa. A gidan duka, kai a unguwar ma, ni kaɗai ke iya karantawa.

Ni 'yar Wagini ce, ɗiyar malami. Da 'yan En'e suka zo neman yaran da za a sa boko, mahaifina ya ba da ni, don kada a kwashi na maƙwabta a ce malam ya ɓoye nasa. Na yi nisa har makarantar kwana ta 'yan mata a Kano. Da na dawo aka yi mini aure a Zakka, gidan manoma masu shanu da jakai. Sun riƙe ni da mutunci. Sai dai ba su san abin da za su yi da karatuna ba, ni ma ban sani ba, har ranar da takardar nan ta zo.

Maigidana fataucin busasshen kifi yake yi da rani. Yakan tafi Yawuri, bakin kogin Kwara, ya sayo banda ya kawo kasuwannin Batsari da Safana. A can ya ga wani Bature mai kula da harkar kamun kifi yana yawo a jirgi mai inji, babu mai tuƙi da hannu, abin ya shiga ransa. Ya haɗa kai da wani tsohon masunci, ya sayi kwalekwale, babba, wanda aka sassaƙa daga itace guda. Saura inji. Inji kuwa sai an sayar da bijimi daga garken gida, garke na Baba ne, mahaifinsa, saboda haka zaɓi ma na Baba ne.

Da hantsi aka zauna a zaure. Ni ba ni zama inda surukina yake, tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa ma daga nesa nake durƙusawa in yi ta. Sai aka shimfiɗa mini tabarma ta cikin gida, jikin ƙofar zauren, asabari ya raba mu. Maigidana ya tsuguna a bakin ƙofa. Ina karantawa a zuci, in raɗa masa da Hausa, shi kuma ya ɗaga murya ya faɗa wa Baba da ƙannen Baba biyu da suka zo jin labari.

Na ce Turawa da doki suke auna ƙarfin inji. Ƙaramin ƙarfin doki biyu gare shi, na tsakiya huɗu, babban goma.

"Doki biyu?" in ji Baba. "Ni da na tsufa ko ɗaya ban taɓa ɗaurewa ba. Mi za ka yi da goma, yaƙi za ka?"

Aka yi dariya. Sai ya fara tambaya irin tasa, irin wadda yake yi a kara in zai sayi jaki.

"Mi yake ci?"

Na ce fetur, a gauraya da baƙin mai.

"Wanne ya fi ci?"

Babban.

"Wanne mutum guda ka iya saɓawa a kafaɗa in ya yi gardama?"

Ƙaramin.

"To, magana ta ƙare. Dabba mai cin kaɗan ita ka daɗewa a gida. Babban jaki ciki gare shi, ƙaramin shi ka kai kaya. Ku ɗauki ƙaramin."

Ƙannensa suka ce gaskiya ne, Yaya. A lokacin idona ya riga ya sauka a kan layin ƙarshe da ke ƙarƙashin hoton ƙaramin. An rubuta cewa na jirgi marar nauyi ne, wanda mutum biyu za su iya ɗagawa, a tafki ko ruwan da ba ya gudu. Kada a sa shi a jirgi mai nauyi ko a kogi mai ƙarfi. Sau biyu na karanta. Na fahimce shi sarai, ba zan ce ban fahimta ba.

Maigidana ya juyo ya ce a hankali, "Da saura?"

Na ji Baba yana gyara zama, ya fara zancen wane bijimi za a kai kasuwa. Ya riga ya yanke magana a gaban ƙannensa. In na faɗa, daga bayan asabari amaryar jiya ta ce masa ya yi kuskure ke nan, kuma da harshen Nasara. Na kuma ce a raina, me na sani game da kogi? Ruwan da na sani shi ne na rafinmu, wanda yakan cika da safe, kafin la'asar yara na wasa a yashinsa.

Na ce, "Shi ke nan."

Bayan sallar layya muka tafi, ni da shi da injin a nannaɗe cikin buhu. Kwana huɗu muka yi a hanya, daga jaki zuwa babbar mota zuwa wata babbar motar. Ranar da na fara ganin Kwara sai na zauna a ƙasa. Ban taɓa tsammanin Allah ya tara ruwa haka a wuri guda ba, kuma aka ce mini wai ma ya janye, rani ne.

An gwada injin a wani lungu inda ruwa ke kwance, jirgin babu kaya, daga maigidana sai tsohon masuncin. Maigidana ya naɗa igiya ya fizga, ya sake fizga, a na uku ya kama, jirgin ya tafi sumul yana barin farin kumfa a baya. Mutane suka taru a gaɓa suna ihu. Maigidana ya dawo yana dariya har da hawaye, ban taɓa ganinsa haka ba. Na ji sanyi a raina, na ce ashe Turawa ma suna zuzuta abu. Tsohon ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya duƙa ya dubi 'yar farfelar, ya gwada ta da tafin hannunsa, ya ce, "Bari ruwa ya zo tukuna."

A wani gungu muka zauna, tsibiri ne a tsakiyar kogi inda masunta ke kafa bukkoki da rani. Maza su fita da asuba, mu mata mu zauna da wuta da hayaƙi muna bandar abin da suka kawo. Matan wurin ba Hausa suke yi a tsakaninsu ba. In sun so su yi mini magana sai su juya harshe, su faɗi abin da za su faɗa, su koma nasu. Suna kirana 'yar tudu. Suna wanka a kogi kamar kifi, ni kuwa a ƙwarya nake ɗiba in koma bayan bukka, suna kallona suna ƙyalƙyatawa. Matar tsohon ce ke ɗan jan ni a jiki. Ita ta koya mini yadda ake tanƙwara tarwaɗa a soke ta da tsinke kafin a ɗora a wuta, amma ita ma ba mai yawan magana ba ce. Wata biyar na yi a gungun nan. Wani yinin, tun daga gaisuwar safe ba na ƙara buɗe baki sai maigidana ya dawo, in ya dawo kuma zancen fetur ne da fulogi.

Sai damina ta kankama, ruwa ya fara zuwa. Ya sauya launi, ya zama kamar kunun kanwa, yana tafe da itatuwa da ciyayi. Kowace safiya sai mu tarar ya ci wani yanki na gungun. Mutane suka fara kwashe kaya suna komawa gaɓa, da filafilai, suna bin gefe-gefe suna ratsawa a karkace yadda suka gada. Mu muka yi jinkiri, don maigidana ya ce mu da ke da inji sahu ɗaya za mu yi, kai tsaye.

Da rana tsaka muka tashi. An loda taru jiƙaƙƙe, da kwandunan banda, da turmi, da tukwane, da buhun dawa, ga mu mu huɗu, ni da shi da tsohon da matarsa. Bakin jirgin bai fi taƙi ɗaya ba daga ruwa. Da farko muna tafiya. Da muka fito daga inuwar gungun, muka shiga inda ruwan ke gudu da gaske, sai kukan injin ya sauya. Maigidana ya murɗa shi har ƙarshe. Yana ta ƙara kamar zai tsage, hayaƙi na tashi, amma ni na kafa ido a kan wata bishiyar giginya da ke gaɓa, na ga ba ma kusantarta. Can na ga tana wucewa gaba. Mu ne muke komawa baya, injin na aiki, muna komawa baya.

A ƙasa da mu akwai duwatsu, kowa ya san su, daga gungun ma ana jin rurinsu. Yanzu ina ganinsu, ruwa na tashi fari a kansu. Hancin jirgin ya fara juyawa, ruwa ya ɗallo ciki ya jiƙa mini zane har cinya. Na so in yi salati, bakina ya ƙi. Abin da ke yawo a kaina layin nan ne na Turanci, kalma bayan kalma, kamar ina aji an ce in tashi in karanta.

Tsohon ya daka tsawa, "Kashe shi! Kashe abin nan, ɗan tudu, ka ɗauki filafili!"

Ya tura turmin cikin ruwa da ƙafa. Ya jefa buhun dawa. Matarsa da hannunta ta ɗaga tukwanenta ta zubar. Tarun ne ya ƙi fita, ya sarƙe, sai da ya sa wuƙa. Ya miƙo mini ƙwarya ya ce in yi ta kwarfar ruwa kada in ɗaga kai. Ban ɗaga ba. Na ji gindin jirgin ya gogi wani abu, ya yi ƙara, muka karkata, muka miƙe. Su uku suna tuƙi, tsohon na kiran sunayen Allah ɗaya bayan ɗaya daidai da bugun filafili. Da muka taɓa ƙasa mun wuce garin Yawuri da nisa, sai da muka yi tafiyar ƙafa har bayan la'asar. Ba wanda ya mutu. Kullum sai na faɗa wa kaina haka, ba wanda ya mutu.

Washegari na tarar da maigidana ya baje injin a kan tabarma yana goge fulogi. Ya ce fetur ɗin ne aka gauraya masa da ruwa, in ya tace shi ya wanke ciki, jibi zai koma. Tsohon ya riga ya ce shi ba zai ƙara shiga ba, sai dai maigidana ya sami wani.

Na durƙusa na ce, "Malam, ba fetur ba ne."

Na faɗa masa duka. Ya daɗe yana juya fulogin a hannu.

"Kin gani tun ranar?"

"Na gani."

"Na tambaye ki, na ce da saura."

Ya ce, to, yanzu me nake so ya yi? Ya koma ya ce wa Baba bijiminsa ya tafi a banza, zaɓinsa bai yi ba? Baba ne ya ce wannan, da wannan zai yi aiki, zai rage kaya, zai bi gefe, Allah ne mai tsarewa. Kuma kada in ƙara tayar da maganar ga kowa. Bayan kwana uku zazzaɓi ya kama ni, ko ruwan sha aka miƙo mini sai in kau da kai. Ya haɗa ni da wasu fatake 'yan Safana suka dawo da ni gida.

A Zakka gero ya fitar da kai, kowa na gona. Aka yi mini sannu da hanya, aka tambayi ruwa, na ce ruwa ya yi gyara, kamar yadda ake cewa. Na gwada ba da labarin sau ɗaya a tsakar gida. Ƙanwar maigidana ta ce, "Ke dai matar Yaya, faɗi gaskiya, kifi kika ci ya ishe ki kika gudo." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba laifinsu ba ne. In na ce ruwa, rafi suke gani. Ta yaya zan sa su ga jirgi na tafiya baya alhali injinsa na kuka?

Na zama ba ni da abokin zance sai lissafin kwanaki. Na san watan da ruwan ke kai maƙura, bai kai ba tukuna. Kowace asuba in na idar da salla sai in ce yanzu maigidana yana naɗa igiya. In ina daka sai in tsaya da taɓarya a sama, in rasa me nake yi. Na san mutum ɗaya ne zai ce masa ya fito ya fito, kuma mutumin nan yana wucewa ta gabana sau biyar a yini, ni kuwa ina sunkuyar da kai.

Na fara bi ta wurin Inna, surukata. Tana tsinke zogale na zauna kusa da ita na ce ina da magana da Baba.

"Ke da Babanku? Mi ya yi zafi? Faɗa mini in kai."

Na ce magana ce ta inji, in ta bi ta bakin wani za ta rage.

"Ɗiyar nan, ko dai kin gamu da mutanen ruwa ne? Tun da kika dawo ba ki daidai. Bari a karɓo miki rubutu wurin mahaifinki."

An karɓo, na sha. Kwana tara na ƙara ina ɗaga ƙafa ina mayarwa.

Ranar da na yi, ban shirya ba. Da hantsi ne, maza sun tafi gona, Baba ya tsaya a turke bayan gida yana wanke wa jakinsa wani miki a gadon baya. Na fito zubar da toka na gan shi shi kaɗai. Na ajiye kaskon, na je na durƙusa, nesa da shi kamar tsawon tabarma biyu. Na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba. Na ƙi tashi.

"Lafiya, ɗiyata?"

Na ce, "Baba, ranar da aka karanta takarda, akwai abin da na bari ban faɗa ba."

Ya tsaya da wankin. Na faɗi layin da Hausa yadda yake. Na ga bai shige shi ba, sai na ce masa, ƙaramin nan lafiyayye ne, ba shi da aibu, kuma gaskiya ba ya ci da yawa. Amma kamar a ɗora wa ɗan jaki taiki uku ne a ce ya hau gangaren rafi, yashi na zamewa ƙarƙashinsa. Yana iya ƙoƙarinsa, ƙafafunsa na tafiya, amma baya yake yi. Kuma a bayan nan duwatsu ne. Na ba shi labarin giginya, da turmi, da tukwanen matar tsohon. Na ce yanzu haka ɗansa yana can yana shiga, ruwan kuma ƙaruwa yake, kuma ya ce ba zai fito ba tunda Baba ne ya zaɓa.

Jakin ya kaɗa wutsiya. Baba ya zuba sauran ruwan a ƙasa.

"Shi ya ce haka?"

"Shi ya ce."

"Ke kuma kina gani kika yi shiru."

"Kunya na ji, Baba."

"Kunya." Ya maimaita kalmar kamar yana duba haƙoran dabba. Ni dai ina kallon ƙafafunsa, duk faso. Can ya ce, "Kin iya ajami, ko bokon ya cinye?"

Na ce na iya.

"Ɗauko tawada. Ba ni son a ji wagga magana a waje."

A nan bakin turke na rubuta, takarda a kan cinyata, yana faɗa yana kallon gabas. Gajeriyar wasiƙa ce. Bayan gaisuwa ya ce, na umurce ka ka cire injin nan daga jirgi ranar da takardar ga ta same ka. Kada ka ƙara shiga da shi. Ni na zaɓa, ban san ruwa ba. Ka bi abin da tsohon nan ya ce maka. Da na kai wurin ni na zaɓa, sai na dakata, na ce ko a sa cewa ni ce ban karanta duka ba. Ya ce, "Rubuta abin da na ce."

Ranar kasuwar Safana ya kai ta da kansa ya ba wani direba. Daga nan sai jira. Baba bai ƙara yi mini maganar ba, bai kuma sauya mini fuska ba, na koma gaishe shi daga nesa. Inna ta lura da wani abu, amma ba ta tambaya ba. Kwana ashirin da uku ban san ko wasiƙar ta riga ruwan isa ba.

Wani bafatake ne ya kawo amsa, da baki, tare da ƙunshin banda. A zaure ya faɗa, Inna ta shigo da labarin ciki. Wai ya ga maigidana da idonsa, lafiya lau, ya yi baƙi. Ya cire injin ya sayar wa wani mai kamun kifi a fadama inda ruwa ba ya gudu. Ya koma wurin tsohon yana koyon filafili, tafin hannunsa duk ya fashe, masunta na yi masa tsiya. Sai bayan kaka zai zo.

Na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba. Da na fito Inna na kwance ƙunshin tana rarraba kifin kashi-kashi, na gidan ƙannen Baba, na maƙwabta. Na tsuguna ina taya ta.

Na ce, "Inna, bai ba da wani saƙo ba?"

"Ya ce a gaida mutanen gida."

"Shi ke nan?"

"To mi kike so ya ce a zaure, gaban ubansa?" Ta tura mini wata babbar tarwaɗa. "Ungo, wannan taki ce. Tashi ki ɗora ruwa, rana ta yi."

Na ɗauka na tashi. Ban sani ba ko ya huce, sai ya zo zan gani.